Kyamara a Bakin Daji: Ɗaukar Hoton Furanni da Tsuntsayen Goshin Damina

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da kan faru kwana uku ko huɗu bayan saukar ruwan farko mai ƙarfi. Ƙasar da ta yi wata shida ko bakwai tana ƙuna sai ta yi taushi, ƙamshinta ya tashi, shinge ya fito da magariba ya rufe fitilu, kwaɗi kuma su ɓarke da kuka a kududdufin da jiya-jiyan nan yara ke buga ƙwallo a cikinsa. Hankalin manoma yana kan shuka, saboda haka ba kowa ke lura da abin da ke gudana a gefen gona da gindin duwatsu ba. Wasu tsirrai na daji, waɗanda ba wanda ya shuka su, sun riga kowa tashi, har sun yi fure. Kafin mako uku ko huɗu furen ya kaɗe, ciyawa ta taso ta binne wurin, sai kuma baɗi idan Allah ya kai mu.

A ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa da Japan, inda tsananin sanyi ke tsayar da tsiro, fitowar furannin daji bayan narkewar ƙanƙara tamkar biki ce. Magidanta kan kwashi iyalansu su fita bayan gari da abinci da kyamara. Mu a nan ƙishirwa ce ke tsayar da tsiro, don haka lokacinmu da ya yi daidai da nasu shi ne ƙarshen bazara da goshin damina. Abin da za mu duba a nan shi ne yadda ɗalibi, ko malami, ko uba da 'ya'yansa, za su kama wannan ɗan gajeren lokaci a hoto, ko da kuwa da kyamarar wayar hannu ce, da kuma dalilin da ya sa masana kimiyya ke bukatar irin waɗannan hotuna fiye da yadda mai ɗaukarsu ke zato.

Tsirrai masu gaggawa

Iska iri biyu ke musayar iko a sararin samaniyar ƙasarmu. Ɗaya busasshiya ce mai fitowa daga Sahara ta arewa maso gabas, ita ce mai kawo hazo da hunturu. Ɗayar kuma mai laima ce, daga tekun Atalantika ta kudu maso yamma. Iyakar da ke tsakaninsu takan matsa arewa sannu a hankali daga watan Fabrairu, ruwa kuma yana biye da ita a baya. Wannan ne ya sa Jos da kudancin Kaduna kan sami ruwa tun a Afrilu, Zariya a Mayu, su Kano da Sakkwato sai Yuni, Nguru da Damagaram kuwa wani lokaci har a shiga Yuli ana duban gabas. Ke nan ba rana ɗaya furanni ke buɗewa ko'ina ba. Mutumin Kafanchan zai ga abin da mutumin Daura ba zai gani ba sai bayan wata guda ko fiye.

Tsirran da ke riga sauran fure galibinsu masu rumbu ne a ƙarƙashin ƙasa, wato kai irin na albasa ko saiwa mai kauri irin ta rogo. A cikin wannan rumbu suke tara abincin da suka haɗa a daminar bara. Ciyawar da ke fitowa daga ƙwayar iri tilas ta fara da saiwa, ta yi ganye, ta haɗa abinci da hasken rana, sa'an nan ta yi tunanin fure. Mai rumbu kuwa da ruwa ya taɓa shi sai ya ciro daga ajiya. Ribar wannan gaggawa a fili take: furen yana tsaye shi kaɗai a fili fetal, ƙwari masu yi masa barbara suna hangensa daga nesa, kuma 'ya'yansa za su nuna su faɗi tun da sauran damina a gaba.

Albasar kwaɗi, wadda masana ke kira Crinum ornatum, ita ce misalin da ya fi sauƙin samu. Takan fito a fadamu da wuraren da ruwa ke kwanciya, da doguwar sanda ɗauke da manyan furanni farare, kowane ɓangare na furen da jan layi a tsakiyarsa. Daga baya kaɗan, idan damina ta kankama, sai gatarin kurege, wato Gloriosa superba, ya hau kan ƙananan itatuwa da ɗan ƙugiyar da ke ƙarshen kowane ganye nasa, furensa ja da rawaya a murɗe kamar harshen wuta. Ni dai ban san furen da ya fi shi kyau a dajinmu ba. Amma a gargaɗi yara: dukan jikinsa dafi ne, musamman saiwar, kuma tana iya kisa.

Akwai kuma masu yin tasu hanyar dabam. Rawaya, Cochlospermum tinctorium, ba ta jiran ruwa sam. Da rani, bayan wutar daji ta wuce, sai ka ga manyan furanni ruwan ɗorawa zube a kan baƙin toka, ba kara ba ganye, kamar wani ne ya watsar da su. Ita kuwa kuka da goshin damina take fure, amma mutane da yawa sun tsufa a gindinta ba su taɓa ganin furen yana buɗewa ba, domin da almuru yake buɗewa, fari fat, yana reto a doguwar igiya, kafin yammacin gobe ya yi baƙi-baƙi ya faɗo. Jemagu masu cin 'ya'yan itace su ne baƙinsa a Afirka ta Yamma. Haka ma ɗorawa, wadda ke fure tun a Fabrairu da Maris. A 1957 wasu masana biyu da ke aiki a Gana, H. G. Baker da B. J. Harris, suka wallafa bayanin yadda jemagu ke yi mata barbara da dare.

Daga nan mai lura zai gane wata ƙa'ida mai amfani ga mai ɗaukar hoto: siffar fure da launinsa sukan nuna wanda zai ziyarce shi, da lokacin ziyarar. Farin fure mai ƙamshi da dogon maƙogwaro, kamar na albasar kwaɗi, yana jiran wani irin malam-buɗe-littafi ne na dare mai dogon baki. Jan fure siriri marar ƙamshi, kamar na kaucin da ke kama itatuwa, na tsuntsu ne, kuma Bahaushe ya riga ya faɗi haka tun da ya raɗa wa tsuntsun suna sha-kauci. Ƙudan zuma ba ya ganin ja sosai, amma yana ganin wani haske da ke bayan shuɗi wanda idon ɗan Adam ba ya gani, kuma furanni da yawa suna da zane na wannan haske mai nuna masa hanyar ruwan zaƙi. Duman rafi da safe yake buɗewa, rana na yin zafi ya yanƙwane. Farin bado da dare yake buɗewa, ya rufe da hantsi. Wanda ya fito da kyamara bayan azahar ya makara ga duka biyun.

Abin da ke cikin akwatin

Kyamara ɗaki ne mai duhu da ƙaramar kafa. Haske yana tafiya a miƙe, saboda haka idan ya ratsa ƙaramar kafa yakan zana siffar abin da ke waje a bangon da ke fuskantar kafar, amma a kife. Malamin nan haifaffen Basara, Ibn al-Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya gwada wannan da fitilu, ya kuma bayyana shi a littafinsa Kitab al-Manazir. Ɗalibi na iya ganin abin da idonsa ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Ya duba inuwar darbejiya da tsakar rana, zai ga ɗigo-ɗigon haske masu kewaye a ƙasa, alhali kafofin da ke tsakanin ganyen ba masu kewaye ba ne. Kowane ɗigo hoton rana ne. Ranar da aka yi husufin rana na wani ɓangare, dukansu sukan koma siffar jinjirin wata.

Abin da ya ɗauki ƙarnoni shi ne hanyar tsayar da wannan siffa ta zauna. Bafaranshen nan Nicéphore Niépce ya yi nasarar haka wajen 1826 zuwa 1827, amma sai da farantinsa ya sha haske na aƙalla sa'a takwas. Abin sha'awa, littafi na farko da aka ƙawata da hotuna na ilmin tsirrai ne. Wata Baturiyar Ingila, Anna Atkins, ta fara fitar da shi a 1843, inda ta riƙa shimfiɗa tsirran teku a kan takarda mai sinadari ta shanya a rana, siffarsu ta fito fara a kan shuɗi.

A yau fim ya ba da wuri ga wani ɗan allo mai miliyoyin ƙananan idanu da ke mayar da haske lantarki, amma abubuwa biyun da ke hukunta kyan hoto ba su sake ba: faɗin kafar da haske ke shiga, da tsawon lokacin da aka bar ta a buɗe.

Ana rubuta faɗin kafa da lambobi kamar f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11 da f/16. Abin da kan rikita ɗalibai shi ne, gwargwadon girman lamba, gwargwadon ƙanƙantar kafa, domin lambar rabawa ake yi da ita. Daga kowace lamba zuwa ta gaba, hasken da ke shiga yana raguwa da rabi. Malamin lissafi zai ga dalili nan take: an raba faɗin da'irar da kimanin 1.4, kuma filin da'ira yana tafiya ne da faɗin sau faɗin, 1.4 sau 1.4 kuwa kusan 2 ne. Ga darasin lissafi kyauta.

Amfanin wannan ga mai hoton fure shi ne, babbar kafa tana sa yanki kaɗan ne kawai ke fitowa tangaran, abin da ke gabansa da bayansa su dushe. Ƙaramar kafa tana faɗaɗa yankin. Kuma matsowa kusa yana ƙara tsuke shi, har ya kai idan kana tazarar taƙi ɗaya da fure, bakinsa ya fito sarai amma cikinsa ya yi dishi-dishi. Idan ana son furen ya fita daga cikin hargitsin ciyawa, babbar kafa ta fi. Idan kuwa hoton na gane irin tsiron ne, a koma f/8 ko f/11. To, amma an rage haske ke nan, tilas a ƙara lokaci, kuma nan iska ke shigowa. Furen da iska ke kaɗawa yana bukatar kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa ko abin da ya fi haka sauri. Tsuntsu a sama yana bukatar kashi ɗaya cikin 1000. Ana iya ƙara wa allon ƙarfin ji, abin da ake rubutawa ISO, sai dai idan ya yi yawa hoton kan yi tsakuwa-tsakuwa. Aikin duka ciniki ne: abin da ka samu a nan, ka biya shi a can.

Yawancin wayoyin hannu kafarsu ɗaya ce, ba a sake ta, kuma su ke zaɓa wa kansu lokaci. Duk da haka suna da kyau ƙwarai ga fure, domin ƙanƙantar allonsu tana sa yankin da ke fitowa tangaran ya yi faɗi. Abu biyu ya kamata a kiyaye. Na farko, kowace kyamara tana da iyakar kusanci, kuma a wayoyi da yawa idan aka matsa ƙasa da santimita 8 ko 10 hoton ba zai daidaita ba. Gara a ja baya kaɗan, a yanke hoton daga baya. Na biyu, jan hoto da yatsu biyu don kusanto da abu, a wayar da ba ta da gilashi na musamman domin haka, ba ya ƙara komai, yanka ne kawai da kumburawa. Dabarar da ta fi ita ce a ɗora idon wayar a kan madubin hangen nesa idan tsuntsu ake nema, ko kuma a riƙe gilashin ƙara girma na ɗakin gwaje-gwaje a gabanta idan ƙwaro ne.

Haske

Na tuna karon farko da na ɗauki albasar kwaɗi, a zamanin da fim ɗaya hoto 36 yake ci, kuma sai ka kai wa mai wanki ka jira kwanaki. Da tsakar rana na ɗauka, ina murna na sami haske. Da hotunan suka dawo, ganye ya fito, ƙasa ta fito, har takalmina ya fito, amma inda furen yake sai wani farin tabo kamar an ɗiga alli. Da na koma fadamar, furannin sun riga sun kaɗe. Shekara guda na jira.

Kuskure biyu na yi. Na farko, ma'aunin hasken kyamara yana ɗaukar cewa abin da ke gabansa matsakaici ne, ba fari ba baƙi ba. Da ya ga yawancin wurin koren ganye ne mai duhu, sai ya ƙara haske, farin furen ya ƙone. Maganinsa a waya shi ne a taɓa furen a kan allo don ta auna haske daga jikinsa, sa'an nan a ja alamar hasken ƙasa kaɗan. Na biyu, lokacin da na zaɓa. A yankinmu rana tsaka kusan a saman kai take, haskenta yana dukan abu daga sama ya bar baƙar inuwa a ƙasa, kuma kyamara ba ta iya haɗa tsananin haske da tsananin duhu a hoto ɗaya kamar yadda ido ke yi. Da sassafe ko da la'asar sakaliya kuwa, hasken yana zuwa ne ta gefe, yana ratsa iska mai kauri. Idan rana tana daf da faɗuwa, kaurin iskar da haskenta ke ratsawa ya ninka na tsakar rana fiye da sau 30. Iska ta fi watsa shuɗin haske, shi ya sa sama take shuɗiya, abin da ya rage ya iso gare mu kuma ja-ja ne mai taushi. Ranar da aka yi lumshi ta fi kowace rana ga hoton fure, domin gajimare yana baza hasken ta ko'ina. Idan tilas sai da rana, wani ya tsaya ya yi wa furen inuwa da jikinsa ko da farin mayafi. Wannan aiki ne da ƙananan yara ke so.

Sa'an nan a durƙusa. Yawancin hotunan masu koyo daga tsaye ake ɗaukarsu, ana kallon fure daga sama kamar yadda akuya ke kallonsa. Idan aka sauko daidai tsayinsa sai siffarsa ta gaskiya ta bayyana.

Masu motsi

Fure ba ya gudu, tsuntsu kuwa yana da tazarar da idan ka ƙetare ta zai tashi. Bin sa ɓata lokaci ne. A sami wurin da yake zuwa, bakin ruwa ko itace mai 'ya'ya, a zauna da tufafi marasa ƙyalli, rana tana baya, a yi shiru na minti ashirin. A daidaita kyamara a kan idonsa, domin idan ido ya fito tangaran mai kallo yakan yafe sauran.

Sarauniyar wannan lokaci ita ce shamuwa. Manoma sun daɗe suna ɗaukar zuwanta alamar kusantowar ruwa, kuma sun yi daidai, domin damina take bi. Takan yi watannin hunturunmu a kudancin Afirka, wajen Zambiya da Zimbabwe da Botswana, inda a lokacin ake ruwa, sa'an nan ta dawo ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, tana cin fara da tsutsa. Wanda ya sami hotonta a kusa zai ga fatar fuskarta ta koma shuɗiya a lokacin sheƙa, da ɗan ja kusa da ido. Balbela ma takan yi ado da gashi ja-ja a kai da ƙirji da baya. Namijin mulufi, wanda duk rani ba a bambanta shi da sauran ƙananan tsuntsaye masu ruwan ƙasa, sai ya fito ja da baƙi a cikin karan dawa. A ƙasa kuma, bayan ruwan farko, akwai ɗan jan ƙwaron nan mai laushi kamar karammiski da yara ke tsinta. Ƙafafunsa takwas, saboda haka dangin gizo-gizo ne da kaska. Kusan duk shekara a cikin ƙasa yake, fitowar 'yan kwanaki kawai yake yi, a daidai lokacin da shinge ke fita, domin shi ne abincinsa.

Iyalin da ke son ganin manyan namun daji su lura cewa kalandarsu dabam ce. A Yankari ta Jihar Bauchi, wadda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962, ƙarshen rani ne lokacin ganin giwa da ɓauna da gwanki, saboda ƙishirwa tana tara su a kogin Gaji. Da ruwa ya sauka sai su bazu, ciyawa kuma ta rufe su. Haka nan fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda wani yankinsu ya zama wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu a shekarar 2000, daga Disamba zuwa Fabrairu suke cika da tsuntsayen da suka ƙetaro Sahara daga Turai da Asiya. Kafin Afrilu ya ƙare yawancinsu sun koma. Wasu dazuzzukan Arewa kuma sun yi fama da rashin tsaro a 'yan shekarun nan, saboda haka kada a ɗauki yara zuwa wurin da ba a tambayi mutanen yankin ba. Gaskiyar magana, abin da muke bayani a nan ba ya bukatar doguwar tafiya. Bayan katangar makaranta, gefen fadama, ko gindin wani dutse kamar Kufena a Zariya, sun ishi mutum aikin damina guda.

Ko a kusa da gida akwai hattara. Farkon damina lokaci ne da macizai ke yawo, kuma kububuwa, wadda ta fi kowane maciji kisa a yankinmu, ƙarama ce mai launin ƙasa, tana son gindin duwatsu da tarin ciyawa, wato daidai inda mai hoto ke durƙusawa. A sa takalmi rufaffe, a bubbuga wuri da sanda kafin a sa gwiwa, kada a cusa hannu a rami. Kada yara su shiga kududdufi don tsinko bado, saboda tsargiya. Ruwan tumfafiya yana lahani ga ido. Idan hadari ya taso da tsawa, a bar gindin itace da kan dutse. Gonar mutum kuma ba a shigarta sai da sallama, ba a kuma ɗaukar hoton mutane sai da izninsu.

Hoto a matsayin shaida

Yanzu mu zo ga abin da ya sa aka sa wannan bayani a mujallar kimiyya. A birnin Kyoto na Japan, fadawa da malamai sun riƙa rubuta ranar bikin furen itacen sakura tun ƙarni na tara. Ba don kimiyya suka yi ba, don shagali ne. Amma da wani masani, Yasuyuki Aono, ya tattara waɗannan ranaku, sai aka ga cewa a ƙarnonin baya furen kan cika ne wajen tsakiyar Afrilu, a zamaninmu kuwa yana ta matsowa gaba, har a 2021 ya cika ranar 26 ga Maris, abin da ba a taɓa rubuta irinsa ba kafin wannan shekara. A Amurka, Richard Primack da abokan aikinsa sun gwada ranakun furen da marubucin nan Henry David Thoreau ya rubuta a garin Concord a shekarun 1850 da na yanzu, suka tarar tsirrai da yawa suna riga lokacinsu na dā da mako guda ko fiye. Sun yi amfani har da tsofaffin hotuna masu kwanan wata. Hoto ɗaya ba ya tabbatar da komai, domin shekara takan bambanta da shekara. Ɗaruruwan hotuna na shekaru masu yawa su ne hujja.

Mu fa? Dattawa suna cewa damina ta sake hali tun farin 1973 da na 1984, suna cewa wasu itatuwa da tsuntsaye sun ɓace. Mai yiwuwa gaskiyarsu, amma idan aka ce a kawo ranar da shamuwa ta fara sauka a wani gari shekara arba'in a jere, ko ranar da kukar kasuwa ta fara fure, da wuya a samu. Dubi ungulu. Dā ba mahautar da ba ta cika da ita, har ba wanda ya ga dalilin ƙirga ta ko ɗaukar hotonta. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya ƙirga tsuntsaye masu farauta a hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004, ya tarar manyan ungulayen daji sun ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari a wajen gandun da ake tsaro. A 2015 aka sa ungulun cikin gari ma a jerin halittun da ke daf da ƙarewa. Da ba a yi ƙirgar farko ba, da ta biyun ba ta nuna komai ba. Yau ɗalibai da yawa a biranenmu ba su taɓa ganin ungulu ba sai a karin magana. Wanda ya yi sa'ar samun sheƙarta ya ɗauki hoto daga nesa, amma kada ya baza inda take a Facebook, domin masu kama ta su sayar don haɗa magani su ma suna da waya.

Hanyar shigar da hoto cikin aikin masana a buɗe take. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke dajin Amurum, ƙarƙashin Jami'ar Jos, ta fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015, inda aka rarraba ƙasar zuwa murabba'ai masu faɗin kimanin kilomita 9, 'yan sa-kai suna rubuta abin da suka gani a kowanne. Akwai kuma manhajar iNaturalist, inda mutum zai sa hoton tsiro ko ƙwaro masana daga ko'ina su taimaka a gane shi. Kada wani ya ce an gama gano komai: a 1998 ne aka fara bayyana wa duniyar kimiyya wani ɗan jan tsuntsu da ke zaune a duwatsun Jos.

Sai dai hoton da zai yi wannan aiki ya sha bamban da na ado. Ana son tsiron gaba ɗayansa a inda ya tsira, sa'an nan ganye sama da ƙasa, fure ta gaba da ta gefe, da 'ya'ya idan akwai, da wani abu sananne kamar biro ko rula a gefe don a san girma. Ba a tsinke shi, balle a tono saiwar. Waya takan ɓoye kwanan wata a cikin hoto, da wurin da aka ɗauka idan an kunna mata, amma idan aka tura hoton ta WhatsApp yadda aka saba wannan bayani yakan goge. Saboda haka a ajiye na asalin, a tabbata agogon wayar daidai yake, kuma a rubuta komai a littafi da biro.

A cikin littafin nan a bar wuri domin suna. Makiyayi, da mai tallar magani, da kakar da ke tsinko ganyen miya, sun san sunayen da ba su cikin littafin makaranta. Likitan nan J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, kuma har yau masana suna komawa gare shi, amma suna yakan bambanta daga Katsina zuwa Haɗeja zuwa Maraɗi, wani lokaci ma suna ɗaya tsiro biyu. Yaron da ya nuna wa kakarsa hoto a waya ya ce, “Kaka, mene ne wannan, me ake yi da shi?” ya rubuta amsar da sunan garin, ya adana abin da ƙila ba a taɓa rubutawa ba. Idan an rasa sunan kimiyya, sashen ilmin tsirrai na jami'a mafi kusa shi ne wurin tambaya. A Jami'ar Ahmadu Bello, alal misali, akwai ɗakin adana busassun tsirrai da ake gwada sabon samfur da na dā.

Ga malamin da ke son farawa bana, abin da ake bukata kaɗan ne. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta ta zaɓi tsirrai biyar da ke cikin harabar ko kusa da ita, a ce kuka, da ɗorawa, da gawo wanda ke zubar da ganye da damina ya yi sabo da rani, da tumfafiya, da wani gungu na albasar kwaɗi. A kafa turke a inda za a riƙa tsayawa, a ɗauki hoton kowanne daga wannan turke rana ɗaya a kowane mako, a sa'a ɗaya. A kafa gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, nesa da rufi da itace, a auna zurfin ruwan da ya tara da rula kowace safiya a zubar. Milimita ɗaya a gwangwanin daidai take da lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita na ƙasa. A ƙara da ranar da aka fara ganin shamuwa, da daren da shinge ya fara fita, da daren da aka fara jin kwaɗi. Babban hutu yakan faɗo a tsakiyar damina, don haka tun kafin a tashi a damƙa aikin ga ɗalibai biyu ko uku da ke zaune kusa da makarantar. Littafin kuma ya zauna a ofishin shugaban makaranta da sunan ƙungiya, 'yan aji shida su miƙa wa 'yan aji biyar kafin su fita, a kwafe hotunan a wuri biyu a ƙarshen kowane zango.